Aikin da Ke Bayan Murfi

Duk wanda ya saba zama cikin dattawan Wurno, ko na Rabah, ko na Goronyo, zai lura da wata 'yar ɗabi'a da samarin yanzu ba su gada ba. Idan ka tambayi dattijo ƙarfe nawa, ba ya saurin ba ka amsa. Sai ya naɗe hannun riga bisa kafaɗa, ya dubi agogonsa, ya ɗan kaɗa hannu, wani lokaci har ya kai shi kunne ya saurara, sannan ya faɗa maka lokaci. Saurayi kuwa waya zai zaro daga aljihu, ya leƙa, ya mayar. Dattijon yana saurare ne domin abin da ke ɗaure a hannunsa inji ne mai motsi, kuma da kunne ake sanin lafiyarsa. In bugun ya daidaita, hankalinsa ya kwanta. In ya ji yana ɗingishi, to ranar kasuwa sai wurin mai gyara.

Yawancin agogunan nan tsarabar Makka ne, ko gadon uba, ko abin da mutum ya saya wa kansa a shekarar da albasa da tafarnuwa suka yi kuɗi. Sunayensu sanannu ne a bakin kowa: Seiko 5, Rado, Citizen, Orient. Tsofaffin cikinsu ba su san batir ba. Wasu sai an yi musu wani kowace safiya, mai shi ya kama ɗan maɓallin da ke gefe da yatsa biyu yana murzawa har ya ji ya yi tauri. Wasu kuma motsin hannu kaɗai ya ishe su, domin akwai wani ƙarfe mai nauyi a ciki da ke juyawa duk sanda mutum ya ɗaga hannu ko ya sauke. Tun 1963 kamfanin Seiko na Japan ya fito da samfurin nan mai lamba 5, kuma har gobe za ka ga irinsa a hannun manomi cikin fadama, gilashinsa ya dushe, sarƙarsa ta saki, amma yana tafiya. Ba banza aka yi masa kirari da agogo sarkin aiki ba.

A kasuwar Acida, ko ta Goronyo ran Lahadi, in ka bi wajen masu tabarau da tocila da rediyo, kana iya dacewa da mai gyaran agogo, ko da yake sun yi ƙaranci ƙwarai. Shagonsa bai wuce ɗan tebur da akwatin gilashi ba. A gabansa akwai farin ƙyalle, da gwangwanaye cike da matattun agoguna da yake ciro kayan gyara daga cikinsu, da hantsaki, da 'yan sukundirebobi sirara, da kwalbar mai, da murfin kwalba da ya zuba fetur a ciki. Na taɓa tsayawa kusa da wani sa'ad da wani tsoho ya miƙa masa nasa.

"Malam, duba man agogon ga. Tun shekaranjiya ya ƙi tahiya."

"Baba, ko ruwa ya shige shi?"

"Ina! Ko alwala zan yi sai na tuɓe shi."

Mai gyaran ya kwance murfin baya, ya maƙala gilashin ƙara girma a ido, ya sunkuya. Bai taɓa komai ba tukuna. Ya daɗe yana kallo, sannan ya hura iska da 'yar robarsa, ya sa bakin hantsaki ya ɗan taɓa wani zobe, zoben ya yi lilo sau biyu ya tsaya.

"Ƙura ta, Baba, da mai da ya bushe. Balans ɗin lahiya lau yake. Ka dawo bayan la'asar."

Daga nan ya shiga kwance injin ɗaya bayan ɗaya. Kowane ɗan noti da ya cire sai ya ajiye shi bisa farin ƙyallen a jere, yadda zai gane wanda ya riga wani fita. Ya juya wa iska baya, ya kare teburin da jikinsa, domin hunturu ne, kuma ƙwayar rairayi ɗaya ta isa ta tsayar da aikin yini. Da zai ɗiga mai, sai na ga ya riƙe numfashi. Abin da ya ɗauko a bakin allura ido ba ya ganinsa sai da gilashi, kuma ya san in ya zarce haka man zai bazu ya jiƙe siririyar wayar balans, agogon ya riƙa gudu.

Wanda ya taɓa leƙa cikin injin nan ba zai ƙara raina shi ba. Wanin da ake yi da safe yana naɗe wani dogon sifirin ne a cikin 'yar ganga, kuma ƙarfin da ya taru a nan shi ne zai tafiyar da agogon har wajen awa 40. Da za a sake shi haka nan, cikin ƙiftawar ido zai warware gaba ɗaya. Mutanen Goronyo sun fi kowa saurin gane dabarar da aka yi. Madatsar ruwan da aka kammala musu a kan gulbin Rima a 1984 tana tara ruwan damina, amma amfaninta duka yana ga ƙofofin da ke sakinsa da awo har rani ya fita. A cikin agogo ma ƙarfin yana bi ta giyoyi masu haƙora, wannan ta tura waccan, har ya iso ƙofa: wata 'yar giya da wani ɗan ƙarfe mai baki biyu ke tarewa yana saki, haƙori ɗaya a lokaci ɗaya. Mai ba shi umarnin saki shi ne balans, zoben nan da ke kai da komo bisa wata waya naɗaɗɗiya wadda ba ta kai kaurin gashin kai ba. Ƙarar da dattijo ke saurare ita ce ta tarewa da sakin.

Tsofaffin agoguna suna bugawa sau 5 a daƙiƙa, wato sau 18,000 a awa, sau 432,000 a yini da dare. Na zamani da yawa suna yin 8 a daƙiƙa. Domin kada ƙarfe ya cinye ƙarfe a wannan kai da komo, sai aka dasa 'yan jajayen duwatsu na yaƙutu, wanda ake haɗawa a masana'anta, a duk inda bakin giya ke juyawa. Adadinsu shi ne lambar 17 ko 21 da ake gani a rubuce a fuskar agogo. A rana akwai daƙiƙa 86,400, kuma hukumar gwajin agogo ta ƙasar Suwizalan ba ta ba inji takardar shaida sai ya kasance jinkirinsa bai wuce daƙiƙa 4 ba, gudunsa bai wuce 6 ba, a kwana guda. Duk wannan da sifirin da haƙoran ƙarfe kaɗai, ba wuta ba batir.

Sana'ar ta kusa mutuwa, a can da nan, a dalili guda. Ranar 25 ga Disamba 1969 Seiko ya fitar da agogon hannu na farko mai batir da dutsen kwaz. Ba a daɗe ba irinsa ya yi arha, ya kuma fi na wani daidaito nesa ba kusa ba. A Suwizalan, masu cin abinci da ƙera agogo sun ragu daga kimanin 90,000 a 1970 zuwa wajen 30,000 a tsakiyar shekarun 1980. A kasuwanninmu kuwa mai gyara ya koma mai canza batir da maɗauri, daga baya waya ta zo, yaran da ya so ya koya wa suka koma gyaranta.

Amma a daidai lokacin da manyan kamfanoni ke rufe ƙofa, wasu 'yan tsirarun gwanaye suka ƙi sakin magagari. Suka koma ƙananan ɗakuna suna ƙera agogo da hannunsu, suna sa masa sunansu. A 1985 biyu daga cikinsu, Svend Andersen da Vincent Calabrese, suka kafa ƙungiyar AHCI ta maƙeran agogo masu cin gashin kansu. Cikin waɗanda suka yi fice akwai Philippe Dufour, wanda aka haifa a 1948 a kwarin Joux na Suwizalan, kuma a can yake aikinsa. A 1992 ya ƙera agogon hannu na farko da ke kaɗa ƙararrawa da kansa a kowace awa da kowane kwata. A 2000 kuma ya fito da wanda ya kira Simplicity, wanda ba ya nuna komai sai awa da minti da daƙiƙa. Kimanin 200 ya yi, ya shafe sama da shekara 10 a kansu, mutane suna layi suna jira.

Me ake jira a agogon da bai fi na kasuwar Acida faɗin lokaci ba? Amsar tana bayan murfi. Kowane falle na ƙarfen da ke riƙe giyoyin, Dufour yana fiƙe gefensa da magagari, ya bi da dutse, sannan ya goge shi da itacen wata ciyawa mai suna jenshiyan da ke fitowa a tsaunukan yankinsu, har gefen ya riƙa ɗaukar ido. Inda gefe biyu suka haɗu suka yi kwana mai tsini zuwa ciki, nan masana ke fara dubawa, domin injin gugar da ke juyawa ba ya iya fitar da wannan tsinin, sai hannu. Wasu ƙarafan ana goge su bisa shimfiɗaɗɗen faranti har su koma baƙi wuluk in an kalle su ta wani gefe, su yi fari fat ta wani gefen. Maƙeran da ke son notinansu su yi shuɗi ba fenti suke shafawa ba: gasa su ake yi a hankali zuwa wajen digiri 290, a sauke a daidai lokacin da launin ya nuna, in an makara kaɗan sai a sake gogewa a fara daga farko. Abin da ya fi taɓa zuciyata shi ne har ɓangaren da ke ƙarƙashin fuskar agogon, wanda mai shi ba zai taɓa gani ba, haka ake ƙawata shi. Mutum ɗaya ne zai gan shi: mai gyaran da zai buɗe agogon bayan shekaru, wataƙila bayan maƙerin ya bar duniya.

A tsibirin Man, tsakanin Ingila da Ayalan, wani gwanin maƙerin agogo, George Daniels, ya rayu har 2011. Ya ƙware a 32 daga cikin sana'o'i 34 da ake buƙata kafin agogo ya kammala, tun daga yanka haƙoran giya har zanen fuska da ƙera gidan zinariya. Waɗanda ya yi da hannunsa daga farko har ƙarshe ba su kai 30 ba a tsawon rayuwarsa. Shi ya ƙago sabuwar hanyar sakin ƙarfi mai rage gogayya, wadda kamfanin Omega ya ɗauka a 1999. Wani saurayi, Roger Smith, ya karanta littafinsa, ya ƙera agogon aljihu ya kai masa. Daniels ya duba ya ce bai yi ba, ya koma. Saurayin bai yi fushi ba. Ya shafe kimanin shekara 5 yana ƙerawa yana warwarewa, sannan ya dawo da na biyu, malamin ya karɓa. Yau shi ne magajinsa a tsibirin, kuma abin da ke fita daga ɗakin aikinsa a shekara bai wuce a ƙirga da yatsun hannu da na ƙafa ba. Kowane ɗan maƙera a ƙasar Hausa ya san wannan tarbiyya: sai ka daɗe kana zuga kafin a miƙa maka masaba.

Kuɗin irin waɗannan agoguna ya wuce tunani. A 2021 an sayar da ɗaya daga cikin masu ƙararrawar nan na Dufour sama da dala miliyan 7. Ba na kiran kowa ya yi sha'awar mallakarsu. A ƙasar da manomi ke neman kuɗin taki da man injin ban ruwa, ɗaura dukiyar gari guda a hannu ba abin koyi ba ne. Abin da nake so mu ɗauka kyauta ne: ɗabi'ar mutumin da ke gyara inda ba za a gani ba, saboda ya san shi ya gani, kuma Allah ya gani.

Wannan ɗabi'a ba baƙuwa ba ce a gabashin Sakkwato. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya mai da Wurno ribaɗinsa, ya rasu a nan a 1837, kabarinsa kuma yana nan ana ziyarta, mutum ne mai son sanin yadda abu ke aiki. Da Baturen nan Hugh Clapperton, wanda aka sani da Abdullahi, ya zo Sakkwato a 1824, Bello ya nemi ganin kayansa na auna rana da taurari, ya kuma riƙa kiran buruji da sunayensu na Larabci. A zuwan Baturen na biyu, a 1826, cikin kyaututtukan da ya kawo har da agogo da littafin lissafi na Uƙlidis cikin Larabci. A littafinsa Usulus Siyasa kuwa, Bello ya sanya kula da masu sana'a cikin haƙƙoƙin da ke wuyan shugaba: manoma, maƙera, maɗinka, marina, masassaƙa da sauransu, a tabbata kowane gari yana da nasa. Kafin agogo ya yawaita ma, malamanmu da tsawon inuwa suke gane shigar azahar da la'asar, manomi kuma da taurari yake sanin tsayuwar damina. Mutanen da suka saba da irin wannan lura ba za a koya musu darajar daidaito ba.

Har yau idon yana nan. Ka dubi dattijon da zai sayi babbar riga mai aska takwas: ba gaban yake fara kallo ba, sai ya juya ta ciki ya ga yadda maɗinki ya ɗaure bakin zare. Ka dubi baduku da ke fere gefen fatar jar akuyar Sakkwato har ta yi laushi kafin ya ninka, ko maƙerin fari da ke goge cikin zobe, inda zai kwanta a kan yatsa. Duk mai saye na ƙwarai ya san aikin gaskiya a ɓoye yake. Ma'aunin da ake auna Dufour da shi ke nan, kuma da shi kakanninmu ke auna riga da sirdi da takobi.

To me ya sa nasu ke bunƙasa, namu ke shuɗewa? A ganina abu uku ne. Na farko, suna. Maƙerin can yana rubuta sunansa a jikin aikinsa, ya sa lamba, in ya yi kyau shi za a yaba, in ya lalace shi za a nema. Namu gwanin yana mutuwa da sunansa, rigar da ya ɗinka tana yawo ba wanda ya san hannun wa ta fito. Na biyu, haƙurin mai saye. Can ana jiran agogo shekaru, a biya ba gardama. Nan muna son riga kafin Sallah, mu taya ta kamar aikin inji, sannan mu yi ƙorafin aiki ya lalace. Wanda aka matsa wa lamba aka kuma rage masa lada, dole ya rage zare. Na uku, magada. Suna da makarantun koyon ƙera agogo da gwamnati ta san da su, har a Disamba 2020 hukumar UNESCO ta sanya wannan sana'a ta yankin tsaunukan Jura, tsakanin Suwizalan da Faransa, cikin gadon al'adun ɗan Adam. Mai gyaran agogonmu kuwa yana zaune shi kaɗai, ba yaro a gefensa.

Akwai labarin da nake so iyayen yara a yankinmu su ji. Rexhep Rexhepi an haife shi a Kosobo a 1987. Yaƙi ya fitar da shi daga ƙasarsu yana ɗan yaro, ya isa Janeba a 1998. Yana da shekara kamar 15 ya shiga koyon aiki a kamfanin Patek Philippe, a 2012 ya buɗe nasa ɗakin aikin, yau kuma yana cikin waɗanda duniya ke layi a ƙofarsu. Mu ma muna da yaran da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu, suka taru a Gandi ta ƙaramar hukumar Rabah da cikin garin Goronyo da wasu wurare. A cikinsu akwai masu kaifin ido da natsuwar hannu, irin yaron da zai kwance matacciyar tocila ya haɗa ta ta kama, ko ya ƙera mota da kara da gwangwani har ƙafafunta su juya. Abin da ya raba shi da wancan yaron shi ne wancan ya sami wanda ya zaunar da shi gaban tebur, ya miƙa masa hantsaki.

Hannun da ya iya zaunar da wayar balans zai iya gyaran waya, da awon asibiti, da injin ɗinki, da duk wani abu mai buƙatar taka-tsantsan. Koyar da shi ba ya cin kuɗi: tebur, gilashin ido, kayan aiki da ba su cika aljihu ba, da gwangwanin matattun agoguna. Ƙananan hukumomin Wurno, Rabah da Goronyo, da masu hali na garuruwan, za su iya nemo 'yan gwanayen da suka rage, a ba kowane yara biyu ko uku, a riƙa ba shi ɗan abin da zai riƙe gida yayin da yake koyarwa. Mu kuma sauran jama'a, wanda ke da tsohon agogon mahaifinsa a ƙasan akwati ya fito da shi ya kai gyara. In an faɗa masa kuɗi ya biya ba tare da ya ƙwari mai aiki ba, in an ce ya dawo mako mai zuwa ya yi haƙuri ya dawo. Kuma ranar da zai je, ya riƙe hannun ɗansa ko jikansa su tafi tare, ya roƙi mai gyaran ya bar yaron ya leƙa ta gilashin.